Shi Ya Kawo Ni

Kwamfutata ta farko ta mutu ne a wani ƙauye da ke bayan Doguwa, inda kwaleji ta tura ni koyon koyarwa. Tsohuwar laftof ce da wata 'yar ajinmu ta sayar mini lokacin da za ta bar karatu. Kullum da safe nakan saka ta a jaka in hau acaba daga gidan da aka sauke ni zuwa makarantar, hanya duk duwatsu da ramuka. Wata uku ta jure. Daga nan ta fara wani ɗan ƙara daga ciki, ƙyas-ƙyas, kamar ana taɓa cokali a jikin kofi. Wata Laraba na kunna ta, ta nuna mini baƙin allo da rubutu layi biyu, ba ta ƙara tashi ba. Babi uku na binciken da zan kammala karatu da shi suna ciki. Biyu na riga na tura wa malamin da ke duba aikina, na ukun kuwa ya tafi.

Gidanmu yana ƙasar Bebeji, a ɗaya daga cikin garuruwan da aka kafa wa mutanen da ruwan Tiga ya ci ƙauyukansu. Ni ce auta. Babanmu ya rasu ina aji uku na firamare, sai riƙon gidan ya koma hannun yayana, wanda ya girme ni da shekara goma sha shida. Bai yi boko ba, allo ya yi. Da asuba yana kan ruwa cikin kwale-kwale, da hantsi yana lambu wajen tumatir da albasa. Duk takardar da na taɓa riƙewa a makaranta, daga wannan ruwan da wannan lambun ta fito.

Da na zo gida ƙarshen mako, na same shi a zaure yana ɗinkin raga. Na gaishe shi, na zauna, na faɗa masa.

"Me ya kashe ta, Auta?"

"Mai gyara ya ce ma'ajiyarta ce ta lalace. Inda take adana rubutu."

"Ba a canzawa?"

Ana canzawa. Mai gyaran ma ya faɗa mini haka. Sai dai batirin ya daɗe da mutuwa, murfin ya tsage a gefe, haruffa uku ba sa dannuwa sai an matsa da ƙarfi. Duk na lissafa wa Yaya waɗannan, kuma gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne na gaji da fito da wannan tsohuwar a gaban 'yan ajinmu.

Ya ci gaba da ɗinki. Bayan kwana biyu Inna ta gaya mini ya kira dillali ya kwashe albasar da ya ajiye a rumfa yana jiran ta yi tsada. Saura wata guda ta yi tsadar, kowa ya sani.

Ranar Asabar muka kama hanyar Tudun Wada a kan babur ɗinsa, domin an ce akwai mai shago a can da ke kawo kwamfutoci na hannu masu kyau daga birni. Yaya ya fita ruwa tun asuba kamar kullum, ya dawo ya yi wanka, ya saka rigarsa ta Juma'a da hula. Amma babur ɗin shi ne dai wanda yake ɗaukar kifi da shi, kuma hannunsa hannun masunci ne, duk sabulun duniya ba ya raba shi da ƙarni. A gida ban taɓa jin wannan warin ba. Da shi na tashi. Ranar, tun muna hanya na fara jin sa, har na ja mayafina na naɗe a cinya don kada ya taɓa sirdin.

Shagon ƙarami ne, yana da ƙofar gilashi da fanka, kwamfutoci a jere a kan kanta. Na riga Yaya shiga, shi yana neman inuwar da zai kafe babur. Ina shiga na ga wanda ban yi zato ba: malamin da ke koya mana Turanci a kwaleji, zaune a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ana saka masa wani abu a kwamfutarsa. Ashe ɗan garin ne, ya zo gida hutun ƙarshen mako. Malami ne da duk muke jin nauyinsa. Ya taɓa karanta rubutuna a gaban aji ya ce haka ake rubutu, na yi sati ina jin daɗin maganar.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya gane ni, ya tambayi koyon koyarwa, na ce lafiya. Muna cikin haka Yaya ya yi sallama. Ya cire takalminsa a bakin ƙofa, abin da ba wanda ya yi a shagon, ya shigo da ƙafafunsa masu faso a kan tayil. Ya miƙa wa malamin hannu biyu, sannan ya juya wajen mai shagon suna gaisawa.

Malamin ya dube shi, ya dube ni.

"Tare kuke?"

"Shi ya kawo ni," na ce.

Ba ƙarya na yi ba, shi ya kawo ni. Amma na san yadda na faɗe ta, na kuma san abin da malamin zai fahimta. Na saci kallon Yaya. Bayansa na gani, yana tambayar mai shago iyali. Na ce a raina bai ji ba.

Mai shagon mutum ne mai natsuwa, ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Ya tambayi abin da nake so da iya ƙarfina, na faɗa masa. Ya sauko da guda biyu ya ajiye a kan kanta. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, girmansu ɗaya, kuɗinsu ma kusan ɗaya.

"Bambancinsu a ma'ajiya yake," in ji shi. "Wannan tana da irin ta da, wadda ake kira had-dis. Cikinta babba ne, giga ɗari biyar, sai dai tana da nawa wajen tashi. Wannan kuma tana da sabuwar, es-es-di. Ɗari da ashirin da takwas ce kawai, amma kina kunnawa ta tashi. Da kuɗinki ya fi haka da na ba ki mai sauri kuma mai faɗi. A yadda ake, sai kin zaɓi ɗaya."

Na tsaya ina dubansu, ina jujjuya lambobin a raina. Ɗari biyar ta fi ɗari da ashirin, wannan ko ɗan firamare ya sani. Ban taɓa tambayar kaina abin da zan zuba a ciki ba.

Yaya ya matso.

"Gafarta malam, ita ma'ajiyar, ana iya ganinta da ido?"

Mai shagon ya ja aljihun tebur ya fito da biyu da suka lalace. Ɗaya mai nauyi ce, an riga an kwance murfinta, ana ganin wani faifai mai sheƙi a ciki da wani ɗan hannu siriri a kansa. Ɗayar kuwa shafal take, kamar ba komai a ciki. Yaya ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya taɓa faifan da ɗan yatsa, ya ga yana juyawa.

"Wannan juyi yake idan tana aiki?"

"Juyi yake, da gudu ma."

"Shi kuma wannan ɗan hannun yana bin sa?"

"Shi ke karanta abin da ke kai."

Ya ɗauki ɗayar, ya kai kunne ya girgiza.

"Wannan fa?"

"Ba abin da ke motsi a cikinta."

Yaya ya gyaɗa kai, ya juyo gare ni. Fuskarsa ta saki, irin yadda take yi idan ya gano abin da ke damun injin ban ruwa.

"To ai ga abin da ya kashe waccan. Duk abin da ke juyi a ciki ba ya son jijjiga. Injina ma idan na ɗora shi a babur na bi da shi hanyar gona, sai na sake ɗaure shi. Ke kuma hanyar Doguwa kike bi kullum. Ki ɗauki wadda ba ta juyi. Rubutu ne fa, nawa zai ci?"

Mai shagon ya buɗe baki zai yi magana, ina ganin goyon bayan Yaya zai yi. Malamin ya riga shi. Dariya ya yi, ba ta mugunta ba, irin wadda babba ke yi idan ƙaramin yaro ya faɗi abin da ya fi shi.

"Mai babur ɗin naki ya iya bayani. Amma ɗaliba sarari take buƙata. Littattafai, bidiyon darasi, hotuna. Ki ɗauki babbar."

Shagon ya yi shiru, sai ƙarar fanka. Ba dogon shiru ba ne, amma ya isa mutum ya faɗi kalma biyu: yayana ne. Yaya yana kallona. Mai shago yana kallona.

"Malam," na ce wa Yaya, "bari mu gama tukuna."

Tunda aka haife ni ban taɓa kiran sa da wani abu ba sai Yaya.

Ya ajiye ma'ajiyar a kan kanta a hankali, kusa da 'yar'uwarta, ya daidaita su. Ya ce wa mai shago ya gode. Ya fita, ya saka takalminsa, ya tafi wajen babur.

Na ce a ba ni babbar. Mai shagon ya tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Ya kunna ta don in gani. Muka tsaya muna jiran ta tashi, malamin yana ba ni labarin kwamfutar da ya fara saya. Ba abin da na ji. Abu ɗaya ne ya cika mini kai: kuɗin ba ya hannuna. Yana aljihun Yaya. Ban san yadda zan fita in karɓo a gaban malamin ba, ban kuma san da wace fuska zan tambaya ba.

An saka kwamfutar a kwali, an haɗa da caja. Mai shagon ya dube ni. Na fara lalube a jakata, ina buɗe wannan aljihu ina rufe wancan, kamar mai neman abin da ta ajiye.

Sai na ji muryar Yaya daga bakin ƙofa. Bai shigo ba.

"Malama, ga saƙon da aka ba ni in riƙe miki."

Baƙar leda ce a naɗe, an ɗaure da roba. Na je na karɓa, ban iya ɗaga ido ba. Da mai shagon ya kwance ledar, warin albasa da na kifi ya tashi daga takardun. Ya zuba a aljihun tebur, ya rubuta mini rasit.

A hanyar komawa Yaya ya ce in riƙe kwalin a cinya, kada in bari ya taɓa ƙarfe. Iyakar maganar da ya yi ke nan. Ya riƙa tafiya a hankali, yana kauce wa kowane rami, har masu babura suna wuce mu suna waiwaye. Sau uku na shirya magana a bakina, sau uku na haɗiye. Na riƙa gaya wa kaina idan mun isa gida zan faɗa.

Da muka isa, Inna ta fito tana murna, ta shafa kwalin ta yi addu'a. Ta tambayi Yaya ko an samu mai kyau.

"Ta zaɓi mai babban ciki," ya ce. Ya cire rigar Juma'ar, ya saka ta aiki, ya tafi lambu.

Daga ranar ya daina ce mini Auta. Malama yake cewa. Inna ta ɗauka girmamawa ce tunda na kusa zama malamar makaranta, har ita ma takan tsokane ni da shi. Matar Yaya ma ta kama. Ni kaɗai na san daga inda sunan ya fito. Bai fasa mini komai ba: kuɗin mota, na rajistar jarrabawa, kifin da yake ware mini in tafi da shi makaranta, duk suna nan. Amma bai ƙara ɗaukata a babur ba. Idan zan koma, sai ya tsayar mini da ɗan acaba ya biya.

Kwamfutar ba ta mutu da wuri ba, domin na daina fita da ita. A ɗaki nake barin ta, a kan matashi. Da ita na sake rubuta babin da ya ɓata, na gama binciken, na ci jarrabawa. Sai dai nawarta ta wuce yadda mai shago ya faɗa. Idan na kunna ta, ina iya ɗora ruwan shayi ya tafasa kafin ta ba ni damar buɗe takarda. A wannan jiran nakan zauna ina kallon allo, ba abin da ke zuwa mini sai ranar nan. Wani lokaci nakan duba yawan abin da na zuba a ciki. Har na bar kwaleji ban cika kashi ɗaya cikin goma ba. Bidiyon darasin da aka ce zan tara, ko ɗaya ban sauke ba, don kuɗin data ma ba ni da shi.

Na samu aikin koyarwa a wata makaranta ta wajen Badafi, a ƙasar Kiru. Dole kwamfutar ta koma hawa babur, domin ni aka ɗora wa buga jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Ba a rufa zango biyu ba ta fara ƙaran nan da na sani. Wannan karon ban jira ba. Albashi na shigowa na kama hanyar Tudun Wada ni kaɗai.

Shagon yana nan, har an faɗaɗa shi. Na ɗauka mai shi ba zai tuna da ni ba bayan fiye da shekara biyu. Na gaishe shi, na ce ina so a cire mai faifan a saka mini wadda ba ta juyi, a kwashe mini abin da ke ciki kafin ta mutu. Ya karɓa, ya kifa ta a kan tebur, ya fara kwance ƙusoshi. Bai ɗago ba ya ce:

"Yaya yayan naki? Yana fita ruwa har yanzu?"

Na ɗago na dube shi.

"Ka san shi ne?"

"Na daɗe da saninsa. Babanmu idan ya je bakin ruwa a wajensa yake sayen kifi. Idan ya dawo gida yakan ba mu labarinsa da na ƙanwarsa da ke karatu. Kuna shigowa ranar na gane ke ce." Ya ajiye ƙusa a cikin murfin kwalba. "Na so in sa baki, na ga ba hurumina ba ne."

Awa biyu na zauna a kujerar da malamin ya zauna, ina jiran a gama kwashe takarduna. Da ya gama ya kunna ta, kafin in gyara zama ta tashi. Ya ce in ajiye tsohuwar ko zan buƙata. Na ce ya bar ta a wajensa.

Ban koma Badafi ba ranar. Gida na wuce. Inna ta ce Yaya yana lambu, na ajiye jaka na bi shi. Na same shi a tsugune gaban injin ban ruwa, ya kwance shi, hannunsa duk baƙin mai. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce lafiya na zo ba ranar zuwana ba.

Na tsuguna a kan kunyar tumatir. Duk abin da na tsara a mota ya gudu. Na ce masa daga shagon nan nake, na canza ma'ajiyar, maganarsa ce ta tabbata. Ya ce to madalla. Na ce ba wannan ya kawo ni ba. Na ce abin da na yi masa a gaban mutane ranar, ban taɓa kwana ban tuna ba, ya yafe mini. Kuka ya hana ni ƙarasawa.

Ya daɗe yana goge wani ƙarfe da tsumma.

"Na ji zafi," ya ce. "Ba zan ce miki ban ji ba. Tun maganar farko na ji, ina gaisawa da mai shago. Na ce bari in yi kamar ban ji ba, ƙila bakinki ne ya kuɓuce. Da kika sake, na san ba kuɓucewa ba ce."

Ya juya ƙarfen a hannunsa.

"Na yi ta tunani a kan ruwa. Da kin ce yayana ne, me zai ragu a jikinki? Makin jarrabawa zai rage miki?"

"Ba abin da zai ragu, Yaya."

"To." Ya hura ƙarfen, ya duba shi a rana. "Kuma mutumin nan bai san na'ura ba. Turanci ya sani. Wannan ma ya ƙara mini haushi."

Na yi dariya cikin kukan ba da niyya ba. Shi bai yi ba, amma fuskarsa ta ɗan saki.

"Yafiya na yafe tun tuni, don ba zan kai ki gaban Allah a kan wannan ba. Mantawa ce ban yi ba, kada in yi miki ƙarya. Ki bar ni da ita, za ta tafi da kanta."

Na ce na gode.

Ya mayar da ƙarfen mazauninsa, ya ɗaure, ya ce in riƙe masa bakin tiyo kada ya fita daga kwalbati idan ruwa ya taso. Na tattare zanena na shiga cikin taɓo na riƙe. Ya ja igiya sau uku injin bai tashi ba, a na huɗu ya kama. Muka shayar da kunya shida na tumatir kafin la'asar, yana nuna mini inda zan karkatar da ruwan, ina karkatarwa. Da aka kira salla ya kashe injin, ya ce in riga shi gida in gaya wa matarsa ta ƙara tuwo, shi zai tsaya masallacin bakin hanya.